TAKARDA MAI GIDA BIYU: KOYA WA YARO RUBUTA HUJJA

Duk gidan da ke da yaro ɗan shekara 12 ko 13, iyayen gidan sun san wani canji da yakan zo ba sallama. Yaron da jiya in an aike shi sai ya ce "to" ya ruga, yau sai ya tsaya ya ce, "Don me kullum sai ni? Ga Yaya can zaune." Yarinyar da take karɓar kowace magana hannu bibbiyu, yanzu so take a gaya mata dalili. Uwa takan ce yaron ya yi baki. Uba yakan ce makaranta ce ta ɓata shi. Mu kuwa malaman ƙaramar sakandare, da muke wuni da irin waɗannan yara daga aji ɗaya zuwa aji uku, mun san hankalin yaron ne ya soma buɗewa. Ya fara gane cewa kowace magana tana da gindi, yana kuwa so ya ga gindin.

Wannan buɗewar hankali kamar ruwan shuka ne. In an yi shuka a kansa, a ci amfani. In an bar gonar haka nan, ciyawa za ta rufe ta, gama ƙasar da ta sha ruwa ba ta zama banza. Yaron da ba a koya masa kawo hujja ba, ba zai daina musu ba, sai dai ya girma yana yin musun da ƙarfin murya da taurin kai da zagi. Domin wannan ne muke da wani darasi a makaranta wanda nake so iyaye su san shi, su kuma taimake mu a kansa. Shi ne koya wa yaro ya rubuta dalilan goyon bayan wata magana, ya rubuta dalilan ƙin ta, sa'an nan ya faɗi inda ya tsaya.

Gardama daban, hujja daban

Ku saurari yara biyu suna musu a kan ƙwallo. Wannan ya ce, "Ƙungiyarmu ta fi taku." Wancan ya ce, "Ƙarya kake." Wannan ya sāke faɗar abin da ya faɗa da murya mafi ƙarfi, wancan ya rantse. Sai su yi sa'a guda ba wanda ya gusa daga inda yake. Wannan ita ce gardama. Mai gardama nasara yake nema, ko da gaskiya ko babu.

Rubutun hujja kuwa kamar murhu ne, duwatsu uku suke riƙe da tukunya. Dutse na fari shi ne ra'ayi, wato abin da mai rubutu yake cewa a yi ko a bari. Na biyu dalili, wato abin da ya sa ya faɗi haka. Na uku shaida, wato abin da wani zai iya dubawa ya tabbatar. Ga misali. Yaro ya rubuta, "Ya kamata a riƙa tashi daga makaranta da wuri a lokacin bazara." Wannan ra'ayi ne. Ya ƙara da cewa, "Domin zafin rana yana hana mu fahimtar darasi." Ga dalili ya samu. In ya ci gaba ya ce, "A watan Afrilu na yi kwana biyar ina ƙirga waɗanda suke gyangyaɗi a ajinmu mai rufin kwano, da safe ba su wuce biyu ba, bayan ƙarfe 12 kuwa sun fi goma," to, ya kawo shaida, tukunyarsa ta zauna.

Akwai abu na huɗu, shi ne ya fi wuya, shi ne kuma ainihin darasin. Dole mai rubutu ya kawo maganar wanda bai yarda da shi ba, ya faɗe ta daidai yadda mai ita zai faɗe ta, sa'an nan ya amsa. Abin da nakan gaya wa 'yan ajina shi ne, ra'ayi bai zama naka ba tukuna sai ranar da ka iya faɗar ta abokin hamayyarka har shi da kansa ya ce, "I, haka nake nufi."

Ba yau aka fara ba

Kada a ɗauka wannan baƙon abu ne da boko ya kawo. A cikin tatsuniyoyinmu akwai waɗanda akan rufe su da tambaya. Abokai uku sun ceci wata yarinya: ɗaya ya hango ta daga nesa tana bakin mutuwa, ɗaya ya kai su wurin cikin ƙiftawar ido, ɗaya ya ba ta magani. Sai mai tatsuniya ta ce, "To, a cikinsu wa ya fi?" Nan yara za su kaure, kowa da gwaninsa, kowa da dalilinsa, tsohuwa tana ji tana dariya. Makaranta ce take yi musu ba su sani ba. Haka kuma a gaban mai unguwa ko alƙali, ba a yanke magana sai an ji ta bakin mai ƙara, an ji ta wanda ake ƙara, an kira shaidu.

A wasu ƙasashe ma haka. A ƙasar Girka, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, wani malami mai suna Furotagoras ya koyar cewa kowace magana tana da bayani biyu masu karo da juna, yakan kuma horar da almajiransa su iya kāre kowanne. Toma Akwinas, malamin tauhidi ɗan Italiya wanda ya rasu a 1274, yana da wata al'ada a babban littafinsa. Kowace tambaya ya ɗauko, yakan fara jera hujjojin waɗanda suka saɓa masa, sa'an nan ya ba da tasa amsa, sa'an nan ya koma ya warware hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya.

A 1772 kuma Benjamin Faranklin na Amurka ya rubuta wa abokinsa Josef Piristli wasiƙa yana nuna masa yadda yakan yanke shawara mai wuya. Yakan raba takarda gida biyu, gida ɗaya na dalilan yi, ɗaya na dalilan bari. Yakan yi kwana uku ko huɗu yana rubuta kowane dalili sa'ad da ya faɗo masa. In ya ga dalili a wannan gida nauyinsa ɗaya da wani a wancan gida, sai ya soke su duka biyu. In ɗaya ya kai nauyin biyu, ya soke ukun. Abin da ya saura shi ne zai nuna masa inda ma'auni ya rinjaya. Wannan takarda mai gida biyu ita ce kayan aikinmu na fari a aji.

Yadda darasin yake tafiya

Abu na fari shi ne zaɓen magana. Sai a zaɓi wadda ta shafi yaran, wadda mutanen kirki suka rabu a kanta, wadda kuma yaro zai iya samo shaidarta. Makarantar kwana ta fi ko ta jeka-ka-dawo? A bar 'yan makaranta su zo da waya ko a hana? Daidai ne yara su yi talla bayan an tashi daga makaranta? A daina bulala ko kada a daina? Maganar da ba ta da gefe biyu, kamar ko sata tana da kyau, ba ta da amfani a nan. Maganar da za ta sa yara su ci mutuncin ƙabilar juna ko addinin juna, malami mai hankali ba ya kawo ta aji.

Na biyu, kowane yaro ya ja layi a tsakiyar takardarsa, ya cika gida biyun shi kaɗai. Kullum abu ɗaya ne yake faruwa. Gidan ra'ayinsa yakan cika har ya malala, ɗaya gidan kuwa layi ɗaya ko biyu. Sai ka ji, "Malam, ai wancan gefen ba su da wani dalili." A nan nakan ba da aikin gida: kowa ya nemi mutum uku waɗanda ba su yarda da shi ba, ya tambaye su dalilinsu da ladabi, ya rubuto ba tare da ya yi musu da su ba. Washegari gidan da yake fanko yakan zo a cike.

Na uku shi ne takarda mai yawo. Yara biyu masu goyon baya su zauna tare, biyu masu ƙi su zauna a bencin bayansu. Takarda ɗaya ce tsakaninsu. Waɗannan su rubuta dalilinsu su miƙa, waɗancan su karanta, su yi shawara a hankali, su rubuta amsa su mayar. Doka ɗaya ce: kowace amsa ta fara da "Kun ce…", a maimaita maganar da aka karɓa. In masu maganar ba su yarda an faɗe ta daidai ba, a sāke. Ko a ajin da yake da yara sittin ana iya yin wannan, gama ba ya bukatar kome sai takarda da biro.

Me ya sa a rubuce? Maganar baka iska ce, mai ita yana iya cewa, "Ni ban faɗa ba." Abin da aka rubuta kuwa yana nan, ana iya sa yatsa a kansa a ce, "Ina shaidar wannan?" Har wa yau, a muhawarar baka mai babbar murya da rashin kunya shi yakan ci. A kan takarda muryar kowa ɗaya ce. Na sha ganin yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta rubuta amsar da ta sa sarkin surutun aji ya yi tsit yana cizon biro.

Na huɗu, a yi musanya. Masu goyon baya su koma masu ƙi, masu ƙi su koma masu goyon baya. Yara sukan yi gunaguni a nan, amma wannan mataki ne yake karya taurin kai. Wanda ya taɓa ɗaukar kayan wani, ya san nauyinsa.

Na biyar, kowa ya zauna ya rubuta insha'insa shi kaɗai, a kan ra'ayin da ya gamsu da shi bayan duk wannan. Sakin layi na fari ya gabatar da maganar ya faɗi matsayinsa. Na biyu da na uku, dalili da shaidarsa. Na huɗu, hujja mafi ƙarfi ta ɗaya gefen, da amsarta. Na biyar, kammalawa. Akan rubuta musu 'yan kalmomin haɗi a allo: "da farko", "har wa yau", "sai dai wasu za su ce", "gaskiya ne cewa", "duk da haka", "saboda haka". Yana da kyau a fara yin dukan wannan da Hausa, sa'an nan a juya zuwa Turanci. Yaron da yake kokawa da tunani da baƙon harshe a lokaci guda, yakan saki tunanin ya riƙe kalmomin da ya haddace. Magana ɗaya takan ci mako biyu ko uku, ba a kuwa yi asara ba.

Misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Bari mu ɗauki maganar da manya ma suka rabu a kanta: da wane harshe ya kamata a koyar da yara a firamare, harshen gida ko Turanci? A 2022 Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta amince a koyar da harshen uwa a shekara shida na firamare. A 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar soke wannan tsari, aka koma Turanci. Da yara suka ji haka sukan gane cewa ba wasa ake ba su ba, magana ce da masu mulki suke juyawa.

A gidan goyon bayan harshen gida, yara sukan rubuta cewa yaro ya fi gane lissafi da harshen da yake mafarki da shi, zai iya yin tambaya ba tsoro, iyayensa kuma za su iya duba aikinsa. Malami zai ba su shaida su ƙara. A 1970 aka soma wani gwaji a Jami'ar Ife a ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, inda aka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa darasi ne guda a cikin darussa. Waɗannan yara ba su kasa takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, a darussa da dama ma sun fi su.

A ɗaya gidan, yara sukan rubuta cewa manyan jarrabawa irin su WAEC da ta shiga jami'a da Turanci ake yi, littattafan kimiyya da lissafi kuma babu su a yawancin harsunanmu. Sukan kawo wata hujja da ta taɓa gidajenmu sosai. Nijeriya tana da harsuna fiye da 500. A aji ɗaya a Jos ko Kaduna za ka iske ɗan Birom, da ɗan Ngas, da ɗan Bajju, da ɗan Tangale. Harshen wa za a ɗauka? In aka ce Hausa domin ita ce kowa yake ji, akwai iyayen da za su ce ana ƙara binne harshen kakanninsu.

Yanzu ga yadda yaron da bai koyi darasin ba zai rubuta sakin layi na huɗu: "Masu son Turanci 'yan ƙarya ne kawai, suna raina harshensu." Ga kuma na wanda ya koya: "Sai dai wasu za su ce a ajin da yara suke da harsuna da yawa, zaɓen harshe ɗaya zai cuci sauran. Gaskiya ne cewa gwajin Ife an yi shi a inda yara Yarabanci suke ji, an kuma shirya musu littattafai da horarrun malamai. Duk da haka, a ƙauyen da yara duka harshe ɗaya suke ji, wannan matsala ba ta taso ba. Saboda haka a fara da irin waɗannan wurare, a tanadi littattafai tukuna."

Ku duba abin da yaro na biyu ya yi. Ya ba abokin hamayya haƙƙinsa. Ya gane cewa shaida ma tana da iyaka. Ya kuma rage faɗin ra'ayinsa zuwa inda zai iya kāre shi. Wani yaron zai bi hanyar nan ya ƙare a gefen Turanci, shi ma ya ci cikakken maki. Malami ba ra'ayi yake ba maki ba, yadda aka riƙe ra'ayin yake dubawa.

Ramukan da yara sukan faɗa

Akwai kurakurai biyar da suke dawowa kowace shekara. Na fari, a bar magana a kama mai magana: "Ai don shi ɗan birni ne ya faɗi haka." Na biyu, fakewa da jama'a: "Kowa ya sani." In ka tambaya wane ne kowa, sai ka iske mutum biyu ne. Na uku, gina babban ɗaki a kan misali ɗaya: "Kawuna bai yi boko ba ga shi da mota, saboda haka boko ba shi da amfani." Na huɗu, a zaɓi hujja mafi rauni ta ɗaya gefen a kā da ita, a yi kirari. Wanda ya kā da ɗan yaye ba a kiransa ɗan kokawa. Na biyar shi ne mafi muni, wato ƙaga shaida: yaro ya rubuta "likitoci sun ce" ko "kashi 90 cikin 100", alhali daga kansa ya ciro. A kan wannan ba na sassauci, gama ramin ƙarya ƙurarre ne. Duk lambar da yaro ya rubuta, sai ya faɗi inda ya samo ta, in ba haka ba ya soke ta da hannunsa.

Abin da bincike ya nuna

A birnin Niyok na Amurka, Farfesa Deanna Kuhn ta Jami'ar Kolambiya da abokiyar aikinta Amanda Crowell sun bi wasu yara har shekara uku, tun suna 'yan shekara 11 zuwa 12, a wata makaranta ta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Sau biyu a mako yaran sukan yi muhawara a rubuce ta kwamfuta, biyu da biyu. Wani rukunin yara kuma aka koyar da su yadda aka saba, malami yana jagorar tattaunawa, suna kuma rubuta insha'i fiye da na farkon. A ƙarshe aka ba su duka sabuwar magana su yi rubutu a kanta. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna cewa yaran da suka yi muhawara a rubuce sun fi kawo hujjojin gefe biyu a insha'insu, sun kuma fi tambayar shaidar da suke bukata kafin su yanke hukunci. Abin lura shi ne, yawan rubuta insha'i kaɗai bai kawo wannan ba. Sai da yaro ya saba da wani yana mayar masa da amsa, sa'an nan ya koyi jin muryar wancan a zuciyarsa sa'ad da yake rubutu shi kaɗai. Takardarmu mai yawo ita ce kwamfutar talaka.

Tsoron iyaye

Iyaye suna da damuwa a kan wannan darasi, ba kuwa damuwar banza ba ce. Wani uba zai ce, "Malam, kuna koya wa yara mayar wa manya magana. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Karin maganar gaskiya ne. Amma ku tuna dokar takarda mai yawo: ba ka amsa sai ka saurara, ka maimaita, an yarda ka ji daidai. Yaron da ya saba da wannan ya fi saurin jin ta mahaifinsa bisa wanda bai saba ba. Muna kuma koya musu cewa kawo dalili da ƙin biyayya ba ɗaya ba ne. Yaro yana iya durƙusawa ya ce, "Baba, ga abin da na gani," in Baba ya yanke, ya bi.

Wata uwa za ta ce, "In kun sa yaro ya kāre abin da bai yarda da shi ba, ai ƙarya kuke koya masa." Ƙarya ita ce ka ruɗi wanda bai sani ba. A aji kowa ya san musanya aka yi, kamar yadda a wasan kwaikwayon Kirsimeti kowa ya san yaron da ya fito a Hirudus ba Hirudus ba ne. Insha'i na ƙarshe kuwa, wanda yaro zai sa sunansa a kai, dole ya zama abin da ya gaskata.

Damuwa ta uku ta fi nauyi: kada yaro ya saba da tambaya har ya soma shakkar kome, har da bangaskiyarsa. Gaskiya ne akwai mai tambaya don neman fitina. Amma yaron nan zai bar gida wata rana, ya tafi jami'a ko bariki ko kasuwa, inda za a yi masa tambayoyin da ba mu yi masa ba. Wanda bai taɓa jin ta ɗaya gefe ba, hujja ta fari da ta buge shi takan kā da shi. A Ayyukan Manzanni sura 17 an yabi mutanen Biriya domin sun bincika abin da Bulus ya faɗa musu kowace rana su ga ko haka ne. Bincike bai rage musu bangaskiya ba.

Abin da yake jiran yaran

Riba ta kusa ita ce jarrabawa. A takardar Turanci ta WAEC akan bukaci insha'i na kalmomi wajen 450, muhawara tana cikin irin tambayoyin da akan kawo, akwai kuma maki na musamman domin tsarin rubutu. Yaron da ya soma tun aji ɗaya na ƙaramar sakandare ba zai firgita a wannan rana ba.

Riba ta nesa ta fi wannan. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya bazu ta waya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, wai shi ne rigakafi. Mutane da yawa, har da masu ilimi, suka tashi 'ya'yansu daga barci suka yi. An kwantar da mutane a asibiti, har aka ba da rahoton waɗanda suka rasu saboda yawan gishiri. Tambaya uku kaɗai za su hana wannan: Wa ya faɗa? Ina shaidarsa? Me likita zai ce? Yau saƙonni irin wannan suna shigowa wayoyinmu ta WhatsApp da Facebook dare da rana, wasu na magani, wasu na kuɗin banza, wasu na hura wutar gaba tsakanin maƙwabta. Ba za mu iya tsaya wa yaranmu a kan kowane saƙo ba. Abin da za mu iya shi ne mu sa musu ma'auni a zuciya. Waɗannan yara su ne gobe za su zauna a taron dattawan ikilisiya, da zaman sulhun ma'aurata, da rabon gādo, inda jin ta gefe ɗaya yakan rushe gida.

Abin da za ku iya yi a gida

Ya ku iyaye, ba sai kun yi boko mai zurfi ba. Sa'ad da yaro ya roƙi wani abu, waya ko tafiya hutu gidan kawu, ku ce ya kawo takarda mai gida biyu, ya rubuta dalilansa, ya kuma rubuta dalilan da yake tsammani za su sa ku ƙi. In ya faɗi naku daidai, ku yaba masa ko da ba za ku ba shi abin ba. Sa'ad da kuka hana shi abu, ku riƙa faɗa masa dalili ko sau ɗaya a cikin uku, gama daga bakinku zai koyi yadda dalili yake. In ya zo muku da aikin gida yana tambayar ra'ayinku, ku ba shi lokaci, kada ku ce, "Tafi ka tambayi malaminku." In labari ya shigo waya, ku karanta shi tare, ku yi masa tambayoyin nan uku. In kuwa wata rana yaro ya kawo hujjar da ta fi taku, ku ce, "Ka yi gaskiya." Girmanku ba zai ragu ba, shi kuwa ya ga da idonsa cewa babba ma yakan bi gaskiya in ta bayyana.

Ga magana uku da iyali za su iya gwadawa a wannan wata bayan cin abincin dare. A raba aikin gida daidai tsakanin 'ya'ya maza da mata, ko kowa da nasa? A riƙa ba yaro kuɗin kashewa kowane mako, ko sai bukata ta taso? Hutun ƙarshen shekara, a ƙauye ya fi ko a gari? Ku raba gida biyu, Baba a wannan gefe, Mama a wancan, yara su rubuta, bayan kwana biyu a yi musanya. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu 'ya'ya masu kunnen saurare da bakin gaskiya.